Ronaldo Nazário: Gwanin Brazil da ciwon gwiwa ya raba tarihinsa gida biyu

A tarihin wasan ƙwallon ƙafa, 'yan wasan gaba ƙalilan ne suka kai matsayin da Ronaldo Luís Nazário de Lima na ƙasar Brazil ya kai tun kafin ya cika shekara 22 da haihuwa. A cikin wannan ɗan lokaci an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan duniya har sau biyu, sau biyu kuma ƙungiyoyin Turai suka saye shi a kan kuɗin da ba a taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba. Yana da shekara 23 jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, har mutane da dama suka fid da rai cewa zai sake taka leda. Bayan shekara biyu, shi ne ya ci ƙwallaye biyun da suka ba Brazil kofin duniya karo na biyar.

Saboda haka ne masu nazarin wasanni kan raba tarihinsa gida biyu: Ronaldon da ba a iya kamo shi a guje, da kuma Ronaldon da ya dawo daga ɗakin tiyata ya koyi cin ƙwallo da dabara bayan ƙarfin ƙafa ya ragu. Domin bambanta shi da Cristiano Ronaldo na ƙasar Portugal, wanda ya fito daga baya, a yau akan ce da shi Ronaldo Nazário, ko kuma Ronaldo na Brazil.

Daga unguwar talakawa zuwa Cruzeiro

An haifi Ronaldo a watan Satumba na shekarar 1976, ya kuma tashi a Bento Ribeiro, wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi da ke arewacin birnin Rio de Janeiro. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara 11, kuma ba a jima ba ya bar makaranta ya rungumi ƙwallo. Kamar yawancin gwanayen Brazil, ya fara ne da wasan futsal, wato ƙwallon da 'yan wasa biyar-biyar ke bugawa a ɗan ƙaramin fili mai daɓe. A irin wannan fili babu sararin da mutum zai tsaya ya yi tunani, dole ya riƙe ƙwallo kusa da ƙafa, ya juya cikin ƙiftawar ido, ya buga da tsinin takalmi in ta kama. Wannan horo ya bi shi har ƙarshen wasansa.

Daga nan ya shiga wata ƙaramar ƙungiya mai suna São Cristóvão, inda Jairzinho, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa Brazil kofin duniya a shekarar 1970, ya lura da shi. A shekarar 1993, yana ɗan shekara 16, ya fara buga wa ƙungiyar Cruzeiro ta birnin Belo Horizonte. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a watan Nuwamba na wannan shekarar, yaron ya jefa ƙwallaye biyar shi kaɗai a ragar ƙungiyar Bahia a wasa ɗaya.

A shekarar 1994 aka sa shi cikin tawagar Brazil da ta tafi gasar cin kofin duniya a Amurka. Ko minti ɗaya bai buga ba, domin Romário da Bebeto ne ke riƙe da gaba, amma ya dawo gida a matsayin zakaran duniya yana ɗan shekara 17.

Holland da Barcelona

Bayan gasar, Ronaldo ya bi sawun Romário zuwa ƙungiyar PSV Eindhoven ta ƙasar Holland. A kakar wasanninsa ta farko ya ci ƙwallaye 30 a gasar ƙasar, ya fi kowa. To amma tun a nan gwiwa ta fara yi masa gargaɗi, domin a shekarar 1996 an yi masa aiki, abin da ya hana shi buga wasanni da dama a kakarsa ta biyu.

Duk da haka ƙungiyar Barcelona ta ƙasar Sipaniya ta biya kimanin dalar Amurka miliyan 19 da rabi ta ɗauke shi, kuɗin da ya zarce duk wani cinikin ɗan wasa da aka yi kafin nan. Shekara ɗaya tak ya yi a can, ƙarƙashin mai horarwa ɗan ƙasar Ingila Bobby Robson, inda ya ci ƙwallaye 47 a wasanni 49. Daga cikinsu, wadda aka fi tunawa ita ce wadda ya ci ƙungiyar Compostela a watan Oktoba na 1996: ya karɓi ƙwallo daga wajen tsakiyar fili, ana jan rigarsa ana kai masa ƙafa, ya ratsa masu tsaron baya ɗaya bayan ɗaya har ya jefa ta a raga. An nuna Robson a bakin fili ya ɗora hannaye a ka don mamaki.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu cin ƙwallo na zamaninsa shi ne, ba ya tsayawa a gaban raga yana jiran a kawo masa. Yakan dawo tsakiya ya karɓa, ya juya ya fuskanci masu tsaron baya a guje, ya tsallaka ƙwallo da ƙafa hagu da dama ba tare da ya rage gudu ba, sannan sau da yawa ya yanke mai tsaron gida kafin ya tura ta cikin raga. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, kuma irin wannan tsayawa da juyawa na ba-zata nauyi ne babba a kan gwiwa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ba shi kyautar gwarzon shekarar 1996 yana da shekara 20.

Ranar da ya haɗu da Najeriya

Masu sha'awar ƙwallo a Afirka suna da nasu dalilin tunawa da shekarar 1996. A gasar wasannin Olamfik da aka yi a Atlanta ta Amurka, Brazil da Najeriya sun haɗu sau biyu. A karon farko, a zagayen rukuni, Ronaldo ne ya ci ƙwallo ɗayar da ta raba gardama. A karo na biyu, wato wasan kusa da na ƙarshe da aka buga ranar 31 ga watan Yuli, Brazil na gaba da ci uku da ɗaya har aka shiga kwata na ƙarshe na wasan. Victor Ikpeba ya rage ɗaya, mai horar da Brazil Mário Zagallo ya fitar da Ronaldo ana dab da tashi, sai Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Najeriya ta wuce ta doke Ajantina ta karɓi lambar zinariya, Ronaldo da 'yan uwansa kuwa suka koma gida da ta tagulla.

Bayan shekara guda sai ga shi a ƙungiya ɗaya da Kanu da Taribo West. Shawarwarin sabunta kwantiraginsa da Barcelona sun wargaje, shugaban ƙungiyar Inter Milan ta Italiya Massimo Moratti ya biya kimanin dala miliyan 27, wanda shi ma sabon tarihi ne. A Italiya, ƙasar da aka sani da tsananin tsaron gida, ya ci ƙwallaye 25 a gasar ƙasar a kakarsa ta farko, kuma a can ne aka laƙaba masa suna Il Fenomeno, wato abin al'ajabi. A shekarar 1997 ya ci kofin ƙasashen Kudancin Amurka, ya karɓi kyautar Ballon d'Or yana da shekara 21, sannan a watan Disamba, a birnin Riyad na Saudiyya, shi da Romário kowannensu ya ci uku sa'ilin da Brazil ta lallasa Ostireliya da ci shida ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na gasar kofin nahiyoyi. A watan Mayu na 1998 ya taimaka wa Inter ta doke Lazio da ci uku da nema a birnin Paris ta ɗauki kofin UEFA.

Abin da ya faru a Paris

Da aka zo gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, nauyin ƙasa guda ne aka ɗora wa saurayi ɗan shekara 21. Ya ci Maroko ɗaya, ya ci Chile biyu, ya ci Holland ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 12 ga watan Yuli, sa'o'i kaɗan kafin wasan ƙarshe da mai masaukin baƙi, wata irin jijjiga mai kama da farfaɗiya ta kama shi a ɗakinsa na masauki. Abokin kwanansa Roberto Carlos ne ya yi kururuwar neman taimako. Aka garzaya da shi asibiti, Zagallo kuma ya miƙa jerin sunayen 'yan wasa babu sunansa, da Edmundo a madadinsa.

Gwaje-gwajen da aka yi masa ba su nuna wata cuta ba. Ya iso filin wasa na Stade de France ana saura ƙasa da sa'a guda a fara, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, aka mayar da sunansa. Ya buga wasan daga farko har ƙarshe, amma duk wanda ya kalla ya san ba shi ba ne. Zinedine Zidane ya ci biyu da ka, Emmanuel Petit ya ƙara ta uku. Duk da haka Ronaldo aka ba kyautar gwarzon ɗan wasan gasar.

Maganar ba ta mutu a nan ba. An yi ta raɗe-raɗin cewa kamfanin Nike, mai ɗaukar nauyin tawagar Brazil da shi kansa Ronaldo, ya matsa lamba a sa shi. Kamfanin ya musanta, shi ma Ronaldo ya musanta sa'ilin da ya bayyana gaban wani kwamitin bincike na majalisar dokokin Brazil a farkon shekarar 2001. Abin da ya rage a zukatan jama'a shi ne tambayar ko ya dace a bar wanda ya fito daga asibiti da rana ya shiga fili da dare.

Minti shida a birnin Rum

Ranar 21 ga watan Nuwamba na 1999, a wasan Inter da Lecce, jijiyar da ke haɗa ƙoƙon gwiwarsa ta dama da ƙashin ƙauri ta samu rauni. Aka yi masa tiyata a Paris, a hannun likita Gérard Saillant. Bayan kusan wata biyar yana jinya, ya dawo ranar 12 ga watan Afrilu na 2000, a karon farko na wasan ƙarshe na cin kofin Italiya da Lazio a birnin Rum. Bai fi minti shida ko bakwai da shiga ba, ya tunkari masu tsaron baya zai yi irin yankan da ya saba, ba tare da kowa ya taɓa shi ba ƙafar ta lanƙwashe, ya faɗi yana ihu riƙe da gwiwa. A wannan karon jijiyar gaba ɗaya ta tsinke. 'Yan wasan ɓangarorin biyu sun tsaya cirko-cirko, wasu riƙe da kai, har aka fitar da shi yana kuka.

Wannan jijiya ita ce ke ba mutum damar miƙe ƙafa, da ita ake tashi a guje, da ita ake tsayawa, da ita ake harba ƙwallo. Saillant ya sake yi masa aiki, sannan aka shiga doguwar jinya tare da mai gasa masa ƙashi da motsa masa gaɓoɓi, Nilton Petrone. Sai da ya yi ta fama kafin gwiwar ta yarda ta lanƙwasu yadda ya kamata. Kakar 2000 zuwa 2001 ta wuce bai buga ko wasa ɗaya ba. A kakar da ta biyo baya wasanni goma kacal ya buga a gasar Italiya, saboda ƙananan raunuka na tsoka da suka riƙa biyo baya, ko da yake ya ci ƙwallaye bakwai. Ranar 5 ga watan Mayu na 2002, a wannan filin dai na birnin Rum, Lazio ta doke Inter da ci huɗu da biyu a ranar ƙarshe, kofin ƙasar ya suɓuce wa Inter, aka nuna Ronaldo a benci yana hawaye.

Yokohama

Ita ma tawagar Brazil ba ta ji daɗin rashinsa ba. Sau shida aka doke ta a wasannin neman shiga gasar 2002, kuma sai a wasan ƙarshe ta samu gurbi. Mai horarwa Luiz Felipe Scolari ya ƙi sauraron kiraye-kirayen jama'a na a ɗauki Romário, ya dogara ga ɗan wasan da bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin share fagen ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin caca.

A Koriya ta Kudu da Japan, duniya ta ga wani Ronaldo dabam. Dogon gudun nan daga tsakiyar fili ya ragu ƙwarai. Ya bar wa Rivaldo da Ronaldinho aikin ɗauko ƙwallo, shi kuwa ya koma lura da inda za ta faɗo, yana ajiye ƙarfinsa domin taku biyar ko goma na ƙarshe. Ya ci ƙwallo a kowane wasa in ban da na Ingila. A wasan kusa da na ƙarshe da Turkiyya, yana tsakiyar masu tsaron baya, ya tsikari ƙwallo da tsinin takalmi irin na 'yan futsal kafin mai tsaron gida ya shirya. A lokacin ne ya yi wani aski da ya bar ɗan gashi a gaban goshi kawai, daga baya ya bayyana cewa ya yi hakan ne domin 'yan jarida su bar zancen raunin da ke damunsa su koma zancen kansa.

Ranar 30 ga watan Yuni, a birnin Yokohama, Brazil ta kara da Jamus, wadda mai tsaron gidanta Oliver Kahn ƙwallo ɗaya kawai aka ci shi a wasanni shida. A minti na 67 Ronaldo ya ƙwace ƙwallo ya ba Rivaldo, Rivaldo ya buga, ta kuɓuce wa Kahn, Ronaldo da ya riga ya biyo baya ya tura ta raga. A minti na 79 Rivaldo ya buɗe ƙafa ya bar masa wadda Kléberson ya turo, ya tare ya ajiye ta a kusurwa. Ya gama gasar da ƙwallaye takwas, ya kuma rufe shekarar da Ballon d'Or na biyu da kyautar FIFA ta uku. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana.

Madrid, Ghana da faɗuwa ta uku

Bayan gasar ya koma Real Madrid, abin da ya ɓata wa magoya bayan Inter rai matuƙa, ganin cewa ƙungiyarsu ta riƙe shi tsawon shekarun jinyarsa. Shi kuwa ya danganta tafiyar da rashin jituwa tsakaninsa da mai horarwa Héctor Cúper. A Madrid ya ci gasar ƙasar Sipaniya ta 2003, ya kuma fi kowa cin ƙwallo a kakar da ta biyo baya. Ranar 23 ga watan Afrilu na 2003 ya ci Manchester United uku a gidanta na Old Trafford, da aka canza shi kuma magoya bayan United suka miƙe tsaye suna tafa masa. Ya ci wa Real Madrid ƙwallaye fiye da 100.

Sai dai jikinsa ya fara nauyi, jaridu suka sa shi gaba da zancen ƙiba da yawan zuwa shagali. A haka ya je gasar 2006 a Jamus, inda ya ci Japan biyu. Ranar 27 ga watan Yuni, a birnin Dortmund, Brazil ta haɗu da Ghana, wadda wannan ne zuwanta na farko, kuma ita kaɗai ce ƙasar Afirka da ta tsallake zagayen rukuni. A minti na biyar Kaká ya zura masa ƙwallo, ya tsallaka ta da ƙafa, ya yanke mai tsaron gida Richard Kingson, ya jefa a raga. Ita ce ta 15 da ya ci a gasar cin kofin duniya, wadda ta sa ya zarce Gerd Müller na Jamus mai 14. Wannan tarihi ya tsaya har shekarar 2014, sa'ilin da wani Bajamushen, Miroslav Klose, ya ci ta 16 a wasan da Jamus ta yi wa Brazil ci bakwai da ɗaya, a birnin Belo Horizonte, a filin da Ronaldo ya fara yin suna.

A farkon 2007 ya koma AC Milan. A watan Fabrairu na 2008, a wasa da Livorno, irin wannan jijiyar ta sake tsinkewa, a wannan karon a gwiwar hagu. Yana da shekara 31, kusan kowa ya ɗauka an zo ƙarshe. Bayan shekara guda ya sake fitowa a ƙungiyar Corinthians ta birnin São Paulo, ya taimaka mata ta ci kofin jihar da kofin ƙasar Brazil a shekarar 2009.

Ranar 14 ga watan Fabrairu na 2011 ya sanar da yin ritaya yana da shekara 34. Cikin hawaye ya shaida wa manema labarai cewa zuciyarsa na son ci gaba, jikinsa ne ya ƙi. A nan ne kuma ya bayyana cewa tun yana Milan likitoci suka gano yana da wata larura ta raunin aikin wata halitta da ke cikin wuya, wadda ke daidaita yadda jiki ke sarrafa abinci, kuma tana cikin abin da ya sa yake fama da ƙiba.

Bayan ajiye takalmi

Ronaldo ya buga wa Brazil wasanni 98, ya ci ƙwallaye 62. Kofi ɗaya babba da bai taɓa ɗagawa ba shi ne na zakarun ƙungiyoyin Turai. Tun shekarar 2000 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta, kuma shi da Zidane, mutumin da ya hana shi kofi a 1998, sun yi shekaru suna shirya wasan sada zumunta domin tara kuɗin yaƙi da talauci.

Daga baya ya shiga harkar mallakar ƙungiyoyi. A shekarar 2018 ya sayi kaso mafi tsoka na Real Valladolid ta Sipaniya, a ƙarshen 2021 kuma ya sayi Cruzeiro, wadda bashi ya yi wa katutu ta faɗa rukuni na biyu. A hannunsa ta dawo rukuni na ɗaya a 2022, ya sayar da kasonsa a 2024, ya kuma rabu da Valladolid a 2025 bayan magoya bayanta sun daɗe suna nuna rashin jin daɗin yadda ake tafiyar da ita.

Har yanzu masu sha'awar ƙwallo na muhawara a kan inda zai kai da gwiwarsa ta bar shi. Wasu na ganin wasannin da aka ɗora masa tun yana yaro, na ƙungiya da na ƙasa ba hutu, sun yi yawa, kuma darasi ne ga masu renon 'yan wasa matasa. Abin da ba a gardama a kai shi ne lissafin da ya bari: daga cikin ƙwallaye 15 da ya ci a gasar cin kofin duniya, 11 ya ci su ne bayan ranar da aka fitar da shi daga fili a birnin Rum.